Saura min semista ɗaya in gama, me ya kamata in koya banda karatun aji?

Ɗan Aji Huɗu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema a wajen yayye da iyaye da suka riga mu fita. Ina aji huɗu a jami'a, tattalin arziki nake karanta, saura min semista ɗaya da furojet in Allah ya kai mu, da tuni ma mun gama ba don yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 da ya zaunar da mu wata takwas a gida ba. Makina ba laifi alhamdulillah, ban taɓa ɗaukar keri-oba ba.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne, watan jiya aka yi bikin 'yar kawuna, a taron dangi aka ce tunda ga ɗan jami'a a ba shi riƙon kuɗin gudummawa, ni kuma na karɓa da rawar jiki. Wani ya turo ta akawun ɗina, wani ya miƙo min a hannu a ƙofar masallaci, gwaggo ta aiko yaro da nata a ƙulle a leda, ni kuma ina ta cewa ai zan tuna. Ana ta kirana, a ba mai kujeru kaza, a ba masu girki kaza. Da biki ya tashi aka zauna lissafi sai ga dubu 18 ta yi ɓatan dabo, wallahi ko sisi ban ci ba amma na kasa cewa ga inda ta shiga, da aka ce in yi bayani a gaban manya kuwa bakina ya mutu, sai gumi kawai. Kawu bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi, ya ce shekara huɗu kana karanta tattalin arzikin ƙasa amma tattalin kuɗin biki ya gagare ka. Har yau maganar nan tana cina.

Ni dama tun aji ɗaya daga lakca sai masallaci sai ɗaki, ko wakilin aji ban taɓa riƙewa ba, gani nake ɓata lokaci ne. Yanzu ga fosta ko'ina a makaranta wai taron horon shugabanci na kwana biyu, ka biya dubu biyar a ba ka satifiket. In je? Da gaske ana koyon abin nan a zaune a ɗakin taro? In kuma ba a nan ba, me zan kama a 'yan watannin da suka rage min kafin bautar ƙasa?

Tsohuwar Kofa ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi dariya Allah ya yafe min, amma ba kai nake yi wa ba, kaina na tuna. Ka gode Allah da a gida abin ya same ka kuma dubu 18 ce, in a wajen aiki ne ba wanda zai yi maka dariyar kawu.

Dubu biyar ɗin nan ka riƙe abarka. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi da biro, canjin ka sa data. Ba wai na ce babu abin ƙaruwa a irin tarukan ba, za ka ji magana mai daɗi ka fito jikinka na tsuma, bayan kwana uku ka koma yadda kake, takardar kuma ban taɓa ganin wanda aka tambaye shi ita ba.

Ni a Oyo na yi bautar ƙasa, sansaninmu a Iseyin, sati uku. Da aka watsa mu wuraren aiki sai aka sa ni a ƙungiyar CDS, wato aikin al'umma da ake fita sau ɗaya a sati, ranar zaɓe kowa ya noƙe aka ce a ba Hajiya ma'aji tunda tana da hijabi ba za ta ci kuɗi ba, ka ji dalili dan Allah. Wata na farko irin naka ya same ni, ana tara kuɗin wata-wata, wata ta ce ta biya, ni ban tuna ba, ita kuma ta kafe, aka yi ta cacar baki a gaban mutum kusan arba'in da yaren da rabi ma ba na ji, na koma ɗaki na yi kukana na cika kuɗin daga alawi ɗina. Alawi lokacin dubu 33 ne, ba kamar yanzu da aka mai da shi dubu 77 ba, ka ga kuwa cikon ya shige ni.

Daga ranar na kafa wa kaina doka. Kuɗi ba ya shiga hannuna sai na rubuta suna da kwanan wata a gaban mai shi ya sa hannu, ko a bakin titi ya tare ni sai na zaro littafin. Kuɗi ba ya fita sai da rasit, in mai kaya ba shi da rasit ya rubuta a takarda ya sa lambar wayarsa. Kuɗin mutane ba ya kwana a akawun da nake cefane da shi, wannan ita ce babbar, don da zarar sun haɗu da naka shaiɗan ma ba sai ya wahala ba, kai da kanka za ka rikice. Sannan duk ƙarshen wata tun kafin a tambaye ni nake ɗaukar hoton shafin in tura a guruf ɗinmu na WhatsApp, ga abin da ya shigo ga abin da ya fita ga saura. Wallahi kafin wata shida waɗanda suka yi min ihu su ne suke kawo min ajiyar kuɗinsu na kansu, da muka yi aikin gyaran benci a wata firamare ni aka tura wajen mai gari da shugaban makaranta saboda ni ce mai takarda a hannu. Ni ban taɓa zama na ce yau zan koyi shugabanci ba, littafin nan ne ya ja min.

Kai yanzu kana da dama a makaranta, ai ajinku za su yi walimar kammalawa ko rigar aji ko littafin hotuna, kwamiti ake kafawa kuma kowa gudun ma'aji da sakatare yake saboda wahala ce ba suna. Je ka karɓi ɗaya. Ko a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ƙungiyar ɗaliban garinku. Kar ka nemi ciyaman, nemi wanda ake zagi.

Sai batun alawi tunda kana dab da shi. Wata goma sha biyu ne fa, ranar da ka karɓi takardar gamawa alat ya tsaya cak. Na ga waɗanda suka fara da sabuwar waya suka ƙare da rancen kuɗin motar komawa gida. Ni adashi muka yi mu biyar, na ɗauki kwasar ƙarshe da gangan don kar in taɓa, da ita na sayi keken ɗinki. A sansani akwai shirin koyon sana'a na SAED da aka fara tun 2012, kwanakin sansani ba za su ishe ka ka iya komai ba, amma ka karɓi lambar mai koyarwar ka ci gaba bayan an fito.

Gaskiya Ɗaci ya rubuta:

Hmm. Duk wannan zance ne mai daɗi Hajiya, amma mu faɗa wa yaro gaskiya. A ƙasar nan in ba ka da uwa a gindin murhu tuwonka gaya za ka ci, ko littafi goma ka riƙe. Na gama tun 2018 da sakamako mai kyau, na riƙe muƙami a ƙungiyar ɗalibai har biyu, na yi N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aikin wucin gadi, na dubu 30 har aka sallame mu, CV kuwa, wato takardar bayanan mai neman aiki, na raba ya fi a ƙirga. Wanda muke ba shi amsa a aji yau yana ofis mai sanyi saboda babansa ya san wani. Ni shawarata ka fara neman wanda zai tsaya maka tun yanzu, sauran duk labari ne.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Gaskiya Ɗaci Allah ya kawo maka mafita, ban ƙaryata ka ba, ana yin abin da ka faɗa kuma da yawa. Amma ka ce a nemi wanda zai tsaya maka, toh ni bari in faɗa maka yadda mai tsayawa yake tunani don ni ana zuwa wajena neman hakan. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, sakandare na tsaya, shekarata ashirin da wani abu a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, na fara da ɗaukar dila a ka, na yi wa maigidana yaro shekara takwas kafin ya sallame ni da jari. In ka zo ka ce Alhaji ka kai ni wajen wane, sunana zan ɗora a kanka. In ka je ka yi shirme ba kai za a kira ba, ni za a kira. Saboda haka ko ɗan cikina ne sai na auna shi, kuma ba da kwali nake aunawa ba, da 'yan ƙananan abubuwa ne da yaro bai ma san ana kallo ba. Na ce ka zo ƙarfe takwas, ka zo takwas ko tara da rabi da labarin go-sulo? Na aike ka da dubu goma abu ya kama dubu tara da ɗari bakwai, ka dawo da ɗari ukun ko ka ce ai canji ne? Na kira ka ba ka ɗauka ba, ka biyo kiran ko sai na sake nemanka?

Masu digiri sun zauna min a shago sun kai biyar. Wasu wallahi sun amfane ni da abubuwa, ɗaya shi ya mayar min da littafin bashi cikin kwamfuta, yanzu kwastoman Agadez ko na Maiduguri ya kira ni minti ɗaya na faɗa masa abin da ake binsa, da kuwa sai an kwana ana buɗe shafi. Yau yana da shagonsa, ni na sallame shi a shekara uku ba takwas ba saboda karatunsa ya rage masa hanya. Amma akwai wanda sati biyu ya yi, na ce ya share gaban shago ya ce shi fa giraduwet ne, kwastoma ta shigo tana taya atamfa yana danna waya ko ɗago kai bai yi ba. Girman kai rawanin tsiya. Na ba shi kuɗin mota na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ɗana mai tambaya, kai shugabanci kake nema, ni kuma na ce ka fara koyon zama yaro. Wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin wani an ba shi umarnin da bai so ba ya haɗiye ya yi ba, ranar da ya samu yara zai gallabe su don bai san zafin abin ba. Kuma babba juji ne, ranar da ka zama maigida kowa sharar sa zai kawo maka, yaro ya yi asara kai za ka biya, matarsa ta haihu kai za a kalla. In hutun semista ya zo kar ka kwanta a gida, je ka zauna a shagon wani, ko Kwari ko Singa ko Dawanau ko wajen masu waya a Farm Centre, ko ba a biya ka ba. Za ka ga tattalin arzikin da ba a rubuta a handawut ba.

Malam Admin ya rubuta:

Alhaji Allah ya ƙara girma, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma zan ɗan saɓa a wuri ɗaya, a yi min afuwa. Ni ina ɓangaren ɗaukar ma'aikata a wani kamfani mai zaman kansa, kuma matsalar da na fi gani a yaranmu na arewa ba girman kai ba ce, kunya ce da ta wuce wuri. Yaro ya shigo intabiyu ya san amsa sarai amma kansa a ƙasa, murya can ciki, ka ce ya ba ka labarin abin da ya taɓa yi ya ce ai ba komai, alhali shi ya riƙe islamiyyar unguwarsu shekara uku yana tsara malamai da kuɗin wata. A gida an koya mana yabon kai jahilci ne kuma ba a kallon babba ido cikin ido, tarbiyya ce mai kyau, amma wanda ke gefena a teburin daga wani yanki ya fito, shi abin da ya gani shi ne yaron bai san komai ba ko yana ɓoye wani abu. Faɗin abin da ka yi da adadinsa ba yabon kai ba ne, rahoto ne. Na riƙe kuɗin mutum 120, na shirya taron da mutum kaza suka zo, shi ke nan.

Wannan kunyar ita ce ke hana yaro cewa ban gane ba. A ba shi aiki ya ce toh, ya tafi ya ɓata kwana uku yana yin abin da ba shi aka ce ba. Ko a ce za ka gama zuwa Alhamis ya ce in sha Allah, alhali ya san ba zai yiwu ba, ranar Alhamis kuma wayarsa a kashe. In sha Allah ba wurin ɓuya ba ne jama'a. In ba za ka iya ba ka faɗa tun ranar Litinin, ba wanda zai kore ka don wannan, amma kashe waya ana kora a kai.

Abubuwan hannu kuma da za ka iya koya kafin ka gama, ka buɗe imel da sunanka na gaskiya, na sha ganin CV mai kyau da adireshin imel irin na laƙabin samartaka. Ka iya rubuta saƙo mai kan magana da gaisuwa layi ɗaya da buƙata a fili, ba irin na WhatsApp da za ka ce salam ka tsaya jiran a amsa ba. Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, dole ne ga mai karatunka, ba wai ka ce ka iya a CV ba, ka iya tara lissafi da tace bayanai da fitar da jadawali, lissafin bikin nan naku ma da shi za ka fara gwaji. CV shafi ɗaya ya isa ga wanda bai taɓa aiki ba.

Ranar da Allah ya ba ka aiki kuma ka karanta takardar ɗauka kafin ka sa hannu, albashin da aka rubuta ba shi ne zai shigo akawun ba. A dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 daga wajenka, mai aiki ya ƙara kashi 10, ga haraji, in kuma ka ci bashin karatu na NELFUND shi ma bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa za a fara cire kashi 10. Yara da yawa wata na farko suke zuwa ofishina da fushi wai an cuce su.

Ɗan Aji Huɗu ya rubuta:

Na gode ƙwarai Anti, na gode Alhaji da Malam, Allah ya saka da alheri. Yaya Gaskiya Ɗaci kai ma na ji taka, Allah ya buɗa mana baki ɗaya. Amma Malam Admin a nan ne fa nake da matsala, a bikin nan akwai wani baffana da ya karɓi kuɗi a hannuna sau biyu ya ce zai kai wa masu rumfa, ni ina jin nauyin in ce masa ya sa hannu ko in tambaye shi nawa ya bayar. Ta yaya yaro zai ce wa babba ya kawo rasit ba a ce ya yi rashin kunya ba?

Tsohon Malami ya rubuta:

Ɗana, shekara 31 na yi ina koyarwa, na riƙe kuɗin jarrabawa da na ƙungiyar iyaye da malamai a ƙarƙashin shugabanni iri-iri, wasu sun haife ni. Ba a ce wa babba kawo rasit. Kai za ka ɗora wa kanka laifin. Ka ce Baffa ni mantuwa gare ni, bari in rubuta a gabanka kar in rikice, dubu nawa ne ma? Kana faɗa kana rubutawa da ƙarfi yadda na kusa zai ji. Ba ka tuhume shi ba, ba ka kunyata shi ba, kuma magana ta zauna. In ya tafi ka bi shi da saƙon waya, Baffa na rubuta dubu kaza na masu rumfa kamar yadda ka ce, Allah ya ƙara girma. Babban da ke da gaskiya zai ji daɗi, wanda ba shi da ita kuma ba zai sake zuwa wajenka ba, duka biyun riba ce.

Kuma ka lura, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, a ƙarshen Baƙara, har da kafa shaidu. Saboda haka in wani ya ce maka ba ka yarda da shi ba ne, ka ce ba ni na kawo tsarin ba.

Batun bakinka da ya mutu a gaban manya, wannan ba ya warkewa sai da yi. Ɗalibaina masu irin wannan nakan sa su sanarwa a asambile, ranar farko ƙafa na rawa, zuwa sati na huɗu sai ka hana su makirufo. Ka nemi inda za ka yi magana minti biyu duk sati, ko sanarwa bayan sallah a masallacin hostel, ko gabatar da aikin rukuni a aji wanda kowa ke turawa ɗan uwansa. Ka rubuta abu uku a 'yar takarda, ka faɗe su, ka zauna, kar ka ƙara ko ɗaya.

Amma kafin duk wannan, ka koma wajen kawunka. Kar ka bar maganar dubu 18 ta mutu a haka don an yi dariya an wuce, su manya ba su manta ba ko da sun yi shiru. Ka fitar da bayanan akawun ɗinka na satin bikin, ka kira masu girki da mai kujeru da mai rumfa ɗaya bayan ɗaya ka tambayi nawa ya shiga hannunsu, ka rubuta, ka kai masa ko an gano ko ba a gano ba.

Ɗan Aji Huɗu ya rubuta:

Baba na bi maganarka. Jiya na zauna da bayanan banki na kira mutum shida. Dubu 12 ta fito, ashe mai janareto na tura wa ranar kamu da daddare na manta sam, alat ɗin yana nan. Saura dubu 6, mai rumfa ya ce shi sau ɗaya aka kawo masa kuɗi, ban dai ce komai ba, na rubuta yadda ya faɗa na kai wa kawu da safe. Ya karanta ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce in bar sauran a hannunsa, wai kuma bikin ɗansa na bayan sallah ni zan sake riƙewa, ni ban san ko lada ba ne ko horo.

Anti Tsohuwar Kofa, dan Allah littafin naki layi nawa kike ja a shafi, suna da kwanan wata da adadi da sa hannu ne kawai ko akwai wani abu? Ina so in gwada shi a Excel daren nan in wuta ta zo.